Zauren Cacar da Ba a Buɗe Ba

Sa'ad da na zo Dubai, wurin da aka gina otal ɗin nan fili ne na rairayi, can gaba da tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, inda gine-gine suke ƙarewa. A lokacin ina aiki da wani kamfanin kago, ina fitar wa 'yan kasuwa da kayansu daga tasha, ina kuma zaune a Dubai Investments Park, ɗaki ɗaya da wasu 'yan Arewa biyu. Ranar Juma'a da la'asar, in zafi ya sassauta, mukan shiga motar ɗaya daga cikinmu mu tafi bakin tekun. Ba kowa a wurin sai wasu 'yan Pakistan masu kamun kifi da ƙugiya. Mukan shimfiɗa tabarma, mu ci gurasa da gasasshiyar kaza, mu yi ta kallon jiragen da suka yi layi suna jiran shiga tasha. Ni ɗan Kano ne, ban taɓa ganin teku ba sai da na zo nan, saboda haka ban gaji da kallonsa da wuri ba.

Wata Juma'a muka tarar an kewaye wurin da langa-langa, an kafa babban allo mai hoton wani farin gini da dabinai a gabansa. Muka juya muka nemi wani wurin zama. Daga nan sai dai in hango aikin daga motar kamfani. Manyan motoci suka yi ta zuba duwatsu a cikin ruwa har aka ture tekun baya, sannan ginin ya fara tashi, hawa bisa hawa, yana miƙa fukafukai biyu dama da hagu. Gine-gine ba sa ba kowa mamaki a garin nan, amma wannan ya jawo magana, domin an ce gidan caca za a yi a cikinsa. Kowa ya san dokar Dubai ta hana caca. Sai dai masu otal ɗin, waɗanda baƙi ne daga wata ƙasa, sun yi imani cewa za a sassauta dokar nan ba da jimawa ba, suna kuma so ranar da za a yi haka ta same su a shirye.

Kamfaninmu ne ya sami aikin shigo da kayan cikin otal ɗin, ni aka ɗora a kai. Na yi watanni ina karɓar kwantena bayan kwantena: gadaje, darduma, fitilu masu kama da rassan bishiya, tukwanen girki da yaro zai iya ɓuya a ciki. Akwai wasu akwatunan katako da aka ce kada in fitar da su, a bar su a wani sito cikin yankin tashar, inda kaya ke zama tamkar ba su shigo ƙasa ba tukuna. Da aka buɗe ɗaya don dubawa, na ga teburin caca lulluɓe da koren ƙyalle, gefensa an naɗe da fata mai laushi. Mai gadin siton ya dube ni, na dube shi, muka mayar da murfin.

Da aka kusa buɗewa, manajan otal ɗin, wani ɗan Lebanon mai sanyin magana, ya tambaye ni ko zan dawo wurinsu in riƙe sashen karɓar kaya da sito. Ban daɗe da aure ba, matata tana Kano a gidan iyayenta, kuma aikin da nake yi bai kai matsayin da za a ba ni damar ɗauko iyali ba. Wannan sabon ya kai. Na kira ta na faɗa mata komai, har da akwatunan.

Ta ce, "Malam, yanzu ana cacar ko ba a yi?"

Na ce, "Ba a yi. Ba a ba su izini ba."

"Kai kuma me za ka riƙa yi?"

"Karɓar shinkafa da zannuwan gado da sabulu."

Ta ce, "To, ka karɓa. Amma ranar da aka ba su izinin nan, ranar za ka bar musu aikinsu. Ka yi mini alkawari yanzu, kada sai na zo mu fara jayayya."

Na yi mata alkawari, kuma ban yi shi don in rufe mata baki ba. Ni ma abin da ke raina ke nan, ita ce dai ta riga ni furtawa.

An buɗe otal ɗin da sanyin hunturu, da kaɗe-kaɗe da baƙi masu yawa. Ni ban ga bikin sosai ba, ina bayan gini ina fama da motocin furanni da ƙanƙara. Washegari na zaga ciki a tsanake. A hawan ƙasa, bayan wani faffaɗan matattakala, akwai zauren da aka gina domin cacar. Girmansa ya kai filin ƙwallo, ba shi da taga ko ɗaya, ba agogo a bango, dardumarsa ja mai zanen ruwan zinare. Ba komai a ciki sai sanyin na'ura da ƙanshin sabon fenti. Ma'aikata suka sa masa suna Ɗakin Ƙasa, sunan kuma ya bi shi.

A ɗan masallacin ma'aikata, kusa da wurin wanki, na haɗu da mutumin da ya zama babban abokina a wurin. Na idar da azahar ina amsa waya, sai na ji an ce daga bayana, "Hausa nake ji haka?" Na juya na ga dogon mutum siriri, furfura ta fara fito masa a gefen kai. Mutumin Damagaram ne, ya girme ni da nisa, saboda haka tun daga ranar nake ce masa Yaya, shi kuma yana ce mini ƙanena. Da na tambaye shi sashen da yake, sai ya murmusa ya nuna ƙasa da yatsa.

A hankali na ji labarinsa. Yana saurayi ya bi motar albasa zuwa wani birni na bakin teku a Afirka ta Yamma, bai koma da motar ba. Ya yi gadi a ƙofar wani gidan caca, da suka ga yana da Faransanci da saurin lissafi suka shigar da shi ciki, aka koya masa rabon karta. Ya yi shekara da shekaru a bakin tebur, har ya zama mai koyar da sababbi. Daga can aka ɗauko shi zuwa Dubai, ya horar da waɗanda za su yi aiki a Ɗakin Ƙasa. Ya ce mini bai taɓa zama a ɗaya gefen teburin ba, wato gefen masu wasa, kuma na yarda da shi. Mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa a Damagaram sun san dai aikin otal yake yi.

Kowace safiya yakan tara ɗalibansa a wani lungu na zauren, samari da 'yan mata daga Filifin da Nepal da Kenya. Tunda teburan gaskiya suna tsare a tasha, teburan cin abinci suke shimfiɗa wa koren mayafi, su yi wasa da maɓallan roba da ba su da wata daraja. Wani lokaci in na sauko duba kaya nakan tsaya daga nesa in kalla. Hannuwansa abin kallo ne. Kartar takan zubo daga tafi zuwa tafi kamar ruwa, ya watsa ta a tebur kowace ta tsaya daidai gaban mai ita. Ba ya ɗaga murya. In ɗalibi ya yi kuskure sai ya ce, "Doucement," wato a hankali, ya sake nuna masa. Da azahar sai su tattara, kowa ya tafi inda aka tura shi na wucin gadi, wasu ɗakin cin abinci, wasu bakin ruwa. Shi Yaya farar kandura, doguwar rigar Larabawan nan, aka ba shi, ya tsaya a farfajiyar shiga yana zuba wa baƙi gahawa da dabino.

Wata rana muna cin abinci na tambaye shi, "Yaya, kai kana so a ba da izinin nan?"

Ya ajiye cokali. Ya ce, "Ƙanena, wannan ita ce sana'ar da na iya. In ba a buɗe ba, ni mai zuba gahawa ne da ake biya albashin malami, kuma ba za a daɗe ana yin haka ba. In kuma an buɗe, na san irin fuskokin da zan koma gani. Na ga mutum ya shigo da mota ya fita a ƙasa. Na fi son fuskokin masu shan gahawa." Ya ɗan yi dariya. "Kai ma ai haka kake, da alkawarin nan da ka ce ka yi wa matarka. In an buɗe ka tafi, in ba a buɗe ba gidan ya mutu."

Ban taɓa haɗa abin haka a kaina ba sai da ya faɗa.

Matata ta iso, muka kama ɗan gida a Al Qusais, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda akwai wasu iyalai 'yan gida da za ta riƙa gani. Tafiyar aiki ta yi mini nisa, daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan, amma na saba. Ranar hutuna na farko na kai ta otal ɗin. Ta ga tekun, ta cire takalmi ta taka ruwan da ƙafa ɗaya, ta ce ya ishe ta. A farfajiya na gabatar da ita ga Yaya, ya zuba mata gahawa. Ta riga ta san aikinsa na ainihi, kuma ita ba mai ɓoye abin da ke ranta ba ce. Bayan gaisuwa ta ce masa, "Yaya, ni fa kullum addu'a nake kada a ba su izinin nan. Gara ka ji daga bakina."

Ya ce, "Ki ci gaba, ƙanwata. Ni ban ma san abin da zan roƙa ba, gara ke da kika sani."

Tun daga ranar, duk lokacin da ta yi tuwo da miyar kuka ko dambun shinkafa, sai ta zuba nasa a kula daban ta ba ni in kai masa. Ba ta taɓa sauya ra'ayi game da sana'arsa ba, ba ta kuma taɓa fasa aika masa abinci ba. Da aka haifi 'yarmu ta fari, shi ya zo tun da safe ya taya ni raba naman suna ga maƙwabta.

Shekarun farko otal ɗin ya yi kasuwa. Da aka ga zauren yana zaune haka nan, sai aka fara ba da hayarsa ga masu biki, musamman Indiyawa, waɗanda kan kama ɗakuna rututu su yi kwanaki suna shagali. Na ga angon da aka kawo a kwalekwale daga teku, ana buga masa ganga a bakin ruwa. Ni kuwa aikina ya ninka: buhunan shinkafa, man shanu, furanni masu ruwan ɗorawa da ake kawowa ta jirgin sama da raɓarsu. 'Yan kasuwarmu na Kano da ke sauka a Deira su ma suka ji labari, sukan zo da yamma su sha shayi su ɗauki hoto. Akwai wani Alhaji mai safarar tayil da na sani tun ina kamfanin kago. Shi in ya zo ba ya kallon teku. Labule yake kamawa ya murza tsakanin yatsu, ya ƙwanƙwasa ƙafar kujera ya saurara, ya ce mini, "Malam, waɗannan mutane ba su sayi kayan banza ba."

Maganar izini kuwa takan taso lokaci lokaci. Sai a ga wasu Turawa cikin kwat suna auna zauren, a ce an kusa, bayan mako biyu maganar ta lafa. Sau ɗaya dai ta yi ƙarfi da gaske. Manaja ya kira ni ofishinsa ya ce in tanadi motocin da za su ɗauko akwatunan nan daga tasha, a shirye kawai, ana jiran waya daga sama. Na ce to. Na fito na yi abin da ya ce, domin har lokacin aikina ne. Da yamma a jirgin ƙasa na tsaya a bakin taga ina kallon gari yana wucewa, ina tunanin hayar gida da bizar matata da ta yarinya, waɗanda duk a kan aikin nan suke rataye.

Na faɗa mata bayan mun ci abinci. Ba ta tuna mini da alkawari ba. Ta ce kawai, "Tsohon kamfaninka suna ɗaukar mutane?" Na ce zan tambaya. Ta ce, "In ta kama mu koma gida, mu koma. Ɗakina na nan." Ta tashi ta ɗauki kwanuka. Daga ɗakin girki na ji ruwa yana zuba a kan kwano ɗaya tsawon lokaci.

A wannan makon na je na gaida tsohon maigidana a Jebel Ali, ya ce in dakata zai duba. Yaya kuma ya fito da baƙar falmaran ɗinsa ta aiki da ya zo da ita tun farko, ya kai aka goge. Ya ƙara wa ɗalibansa lokaci, suka yi ta atisaye har la'asar. Ban taɓa ganinsa da kuzari irin na kwanakin nan ba, ban kuma taɓa ganin ya rage magana haka ba. Muna haɗuwa a masallaci mu gaisa, kowa ya san abin da ke zuciyar ɗan'uwansa, ba wanda ya taɓo shi. Wayar da ake jira ba ta zo ba. Wata safiya manaja ya leƙo sito ya ce in sallami motocin. Bai yi bayani ba, ni ma ban nema ba. Da na gaya wa matata ta ce alhamdu lillahi. Da na gaya wa Yaya ya ce, "Bon," wato shi ke nan da Faransanci, ya mayar da falmaran cikin leda.

Ina jin tun daga wannan karon ne gidan ya fara yin ƙasa, ko da yake ba mu gane ba a lokacin. An gina shi ne da girman da sai caca za ta iya ciyar da shi, biki da masu hutun ƙarshen mako ba su isa ba. Sababbin otal-otal kuma suna ta buɗewa kusa da gari, inda baƙo zai fito ya taka zuwa kasuwa. Mu muna can ƙarshen duniya. A sito na fara ganewa, domin motar kifi da ke zuwa kullum ta koma zuwa jefi-jefi. Aka rufe fiffiken hagu gaba ɗaya, aka kashe na'urar sanyaya shi. In na shiga ɗauko wani abu nakan ji warin laima, iskar gishiri ta fara cin ƙarafunan baranda. Aka zubar da ruwan ɗaya daga cikin wuraren ninkaya, tsuntsaye suka mai da shi wurin zama.

Ɗaliban Yaya suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, galibi zuwa manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, inda ake caca in an fita tsakiyar teku. Shi yake ba su shawarar su tafi, shi yake kiran waɗanda ya sani ya yi musu magana. Ajin ya ragu zuwa mutum biyu, daga baya ba kowa. Duk da haka bai daina sauka Ɗakin Ƙasa da safe ba. Yakan shimfiɗa koren mayafinsa, ya raba karta ga kujerun da ba kowa a kai, ya tattara, ya sake rabawa. Na tambaye shi dalili, ya ce hannu ne, in an bar shi sai ya manta.

A wannan zauren aka tara mu wata safiya aka faɗa mana. Manaja ya tsaya a kan matattakala ba tare da lasifika ba, don ba mu da yawan da za a buƙace ta. Ya ce masu gidan sun gaji da jira, za a rufe a ƙarshen bazara, kowa zai sami haƙƙinsa da lokacin neman wani aiki. Ya gode mana sashe sashe, har masu share rairayin bakin ruwa. Daga ƙarshe ya buɗe hannuwa ya ce, "Halas," kalmar da Larabawan nan ke faɗa in abu ya ƙare. Ba wanda ya yi hayaniya. Wata mata 'yar Filifin daga sashen wanki ta zauna a dardumar ta rufe fuska, abokan aikinta suka kewaye ta. Sauran muka koma bakin aiki, domin akwai baƙi a sama da ke jiran karin kumallo.

Da yamma na kai wa matata labari. Tana shafa wa yarinya mai a kai, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ni ban roƙi a sallami mutane ba." Na ce na sani. Ta tambaya, "Yaya fa, ina zai nufa?" Na ce bai faɗa ba tukuna.

Ni aka bar wa sayar da kaya, tunda ni na shigo da su. 'Yan kasuwa suka yi ta zuwa, Indiyawa da Iraniyawa da namu. Alhajin tayil ya zo da wuri, ya saye gadaje da labulen hawa guda cur, ya ce masauki yake ginawa a Kano. Yana tsaye ana kwance labulen yana cewa a bi a hankali, ya juyo ya ce mini, "Allah Ya sa hakan ne mafi alheri, Malam. In ka rasa wuri ka neme ni." Na gode masa. Ba daɗi ganin ana fitar da abin da ka shigo da shi da hannunka, amma aiki ne, kuma ya hana ni zaman tunani.

Akwatunan tasha wani kamfani a wata ƙasa ya saye su. Ranar da za a loda, Yaya ya roƙe ni in tafi da shi, ya ce shekarun nan duka bai taɓa ganin teburan da aka ɗauko shi dominsu ba. Na nema masa izinin shiga, muka je da hantsi. Na sa aka buɗe masa akwati ɗaya. Ya sunkuya ya shafa koren ƙyallen da tafin hannu, ya danna fatar gefen, ya leƙa ƙarƙashi. Ya ce, "Kaya mai kyau ne. Sai dai an daina yayin irinsa, yanzu akwai na'ura a jiki." Ya miƙe ya kakkaɓe hannu, muka tsaya a inuwa har aka rufe kwantenar.

A hanyar dawowa ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibansa ta nema masa gwaji a kamfanin jirgin ruwan da take aiki, ya je makon da ya wuce. Ya ce da ya ɗauki kartar a gaban masu gwajin, yatsunsa biyu na dama suka ƙi lanƙwasa yadda ya saba, karta ta zube a ƙasa. Ya sake, ta sake zubewa. Ya daɗe yana jin tsamin yatsun da safe, yana cewa sanyin zauren ne. Mai gwajin, wanda bai kai shekarun babban ɗansa ba, ya taya shi tsince kartar cikin ladabi, ya raka shi har ƙofa.

Na ce, "Sannu, Yaya."

Ya ce, "Ba komai, ƙanena. Da na fito na zauna a tashar bas, na jira baƙin ciki ya zo, bai zo da yawa ba. Yunwa na ji, na je na ci shinkafar biryani." Ya dubi hanya. "Gida zan tafi. Tsohuwa ta tsufa, autata ma ba ta san ni sosai ba."

Kafin a rufe ƙofa, babban mai girki ya dafa duk abin da ya rage a ɗakin sanyi, aka shimfiɗa mana a bakin ruwa da la'asar, mu da masu gadi da direbobi. Na zo da matata da yarinya. Muka ci kifi da naman rago a kan farantan da aka riga aka sayar, mai su yana tsaye yana jira a wanke a ba shi, har shi ma aka zuba masa. Bayan 'yan kwanaki muka raka Yaya filin jirgi. Matata ta ba shi turaren wuta da atamfa ya kai wa mahaifiyarsa da matarsa. Ya sa wa yarinya albarka, ya riƙe hannuna ya ce in riƙa kira.

Na koma tsohon kamfanina na kago, muna nan a Al Qusais, yara sun zama uku. Ginin yana tsaye, an cire sunansa daga goshi, an sake kewaye shi. Wasu sun ce rushe shi za a yi, wasu sun ce gidajen haya za a mai da shi. Ina jin ana maganar gidan caca a wata masarauta da ke maƙwabtaka da mu, amma ban bi labarin ba.

Yaya yana noman rani yanzu a wata fadama da ƙaninsa, kabeji da tattasai da latas. Bara ya kira ni ya ce injin ban-ruwansu ya mutu, waɗanda ake samu a can kuma ba sa ƙarko, ko zan duba masa a nan. Na je kasuwar injina na zaɓo ɗaya, na saka a kwantenar wani ɗan Maraɗi da nake yi wa aiki. Ya isa kafin a fara shuka. Da na kira in ji ko ya yi, ya ce yana aiki lafiya lau, ina ma jin ƙararsa ta cikin wayar. Tiyon ne kawai ya gaza, sun ƙara da wani tsoho da suka ɗaure da roba.